Edward Powys Mathers (1892–1939): Mai Fassarar Da Ya Mayar Da Kalmomi Tarko

Gabatarwa

Duk ɗalibin harshe ya san cewa kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu ko fiye, kuma jimla ɗaya tana iya fuskantar gabas a kunnen wani, ta fuskanci yamma a kunnen wani. Wannan shi ne abin da malamanmu ke kira harshen damo. A ajin nazarin ma'ana ana koya mana yadda za mu gane shi, a ajin fassara kuwa ana jan kunnenmu da mu guje shi. To amma an yi wani Baturen Ingila da ya mayar da harshen damo sana'a, ya ci abinci da shi har tsawon shekara 13, sannan ya bar wa duniya wani ƙulli wanda aka yi shekara 85 mutum biyu kacal aka san sun kwance shi. Sunansa Edward Powys Mathers, amma masu karanta jaridu a zamaninsa sun fi saninsa da laƙabin Torquemada, ana furta shi Tokemada.

Na zaɓi in kawo tarihin wannan mutum a wannan fitowa ta mujallarmu saboda dalilai biyu. Na farko, shi mai fassara ne kafin ya zama mai shirya wasannin wasa ƙwaƙwalwa, kuma a ganina aikinsa na farko shi ya haifi na biyu. Na biyu kuwa, rayuwarsa ta tayar da wata tambaya da ta shafi duk mai riƙe alƙalami, wato ina iyakar wahalar da marubuci ke da ikon ɗora wa mai karatu, kuma mene ne haƙƙin mai karatu a kansa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Mathers ranar 28 ga watan Agusta, 1892, a unguwar Forest Hill da ke kudancin birnin Landan. Mahaifinsa, Edward Peter Mathers, ɗan jarida ne da ya yi aiki a Afirka ta Kudu, daga baya ya koma Landan ya kafa wata jaridar mako-mako mai suna South Africa. Ke nan yaron ya tashi ne a gidan da takarda da tawada su ne abin neman abinci.

Ya yi karatunsa na sakandare a Loretto, wata tsohuwar makarantar kwana da ke kusa da birnin Edinbara a ƙasar Sikotilan, daga nan ya wuce Kwalejin Trinity ta Jami'ar Oksfod. Irin karatun da ake ba 'ya'yan masu hali a Ingila a wancan zamani ya dogara ne a kan Latin da Girkanci da haddar waƙoƙin manyan marubuta, kuma wannan tarbiyya ta bi shi har cikin wasanninsa, kamar yadda za mu gani. A shekarar 1919 ya auri Rosamond Crowdy, wadda ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Mathers Mai Fassara

Da waƙoƙin Gabas ya fara yin suna. A 1919 ya fitar da littattafai biyu. Ɗaya shi ne Coloured Stars, tarin waƙoƙin soyayya 50 na ƙasashen Asiya. Ɗayan kuwa shi ne Black Marigolds, fassarar wata waƙar Sanskirit mai baiti 50 da ake danganta ta ga Bilhana, mawaƙin Kashmir na ƙarni na 11. Labarin da ake bayarwa game da waƙar shi ne, mawaƙin ya ƙulla soyayya a ɓoye da 'yar sarki, aka kama shi aka yanke masa hukuncin kisa, sai ya tsara baitocin yana jiran hauni, kowane baiti yana tuna wani abu na masoyiyarsa. Fassarar Mathers ta samu karɓuwa sosai, har marubucin nan na Amurka, John Steinbeck, ya saka wani yanki nata cikin littafinsa Cannery Row na 1945. A 1920 ya ƙara da The Garden of Bright Waters mai waƙoƙi 120. Shi ma Aaron Copland, mai tsara kiɗa na Amurka, ya ɗora wasu daga cikin fassarorin nasa a kan kiɗa.

Babban aikinsa a wannan fage shi ne littafin Dare Dubu da Ɗaya, wanda mu ma muke da shi da Hausa. A nan akwai abin lura ga ɗalibin fassara. Mathers bai ɗauko littafin daga Larabci ba. Ya ɗauko shi ne daga fassarar Faransanci ta Dokta J. C. Mardrus, wani likita haifaffen Alƙahira, wanda ya buga tasa fassarar cikin juzu'i 16 tsakanin 1899 da 1904. Masana sun daɗe da nuna cewa Mardrus ya yi wa labaran ƙari da ado iyakar son ransa. Saboda haka abin da Mathers ya fitar da Ingilishi a 1923 fassarar fassara ce, kuma ta fassarar da ta riga ta yi nisa da tushe. Duk da haka an ci gaba da buga ta shekara da shekaru, domin Ingilishinta yana da daɗin karatu. Haka yawancin waƙoƙinsa na Gabas suke, ya bi ta kan fassarorin da wasu Turawa suka riga suka yi.

Har ila yau, masu nazarin aikinsa sun nuna cewa wasu mawaƙan da ya ce daga bakinsu ya ɗauko waƙa, irin su John Duncan da J. Wing, shi ne ya ƙirƙire su, ya tsara waƙar da kansa ya jingina musu. Idan muka auna wannan da ma'aunin amanar fassara da ake koya mana, ba za mu wanke shi ba. Amma idan muna son fahimtar mutumin, a nan ne halinsa ya fara bayyana. Tun yana matashi yana jin daɗin ya ɓoye abu a fili, ya tsaya gefe ya ga wanda zai gano.

Zuwan Wasan Giciyen Kalmomi

Wasan da nake kira giciyen kalmomi shi ne wanda ake zana gidan dara a shafin jarida, a ba da jerin manuniya, mai wasa ya cike gidajen da haruffa, wasu kalmomin a kwance, wasu a tsaye, suna gittawa juna. Wani ɗan jarida haifaffen Libaful mai suna Arthur Wynne ne ya buga na farko a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya buga littafin farko na irin waɗannan wasanni, sai abin ya zama ruwan dare a Amurka. A cikin wannan shekarar ce kuma jaridun Birtaniya suka fara ɗauka.

Wasan na Amurka a wancan lokaci kai tsaye yake. Za a ce maka babban kogin Masar, ka rubuta Nilu, shi ke nan. Wanda ya san abin ya sani, wanda bai sani ba ya buɗe ƙamus. Mathers ya ga wasan ya yi masa lami. Sai ya fara shirya nasa don 'yan uwa da abokai, yana tsara manuniyar cikin baitoci masu amsa-amo da zaurance. Daga nan jaridar Saturday Westminster ta fara buga su, aka kuma tattara su a 1925 cikin wani ɗan littafi mai suna Crosswords for Riper Years. A 1926 jaridar Observer, mai fitowa ran Lahadi, ta ɗauke shi. Daga wannan shekara har rasuwarsa ya shirya mata wasanni 670.

Ya sauya siffar gidan darar ma. Maimakon baƙaƙen gidaje da ke raba kalma da kalma, sai ya yi amfani da layuka masu kauri a tsakanin gidajen, ta yadda kusan kowane gida yana ɗauke da harafi, kalmomin kuma suna cuɗanya da juna sosai. Aikin na mutum biyu ne. Shi zai zaɓi jigo ya tara kalmomin da yake so, matarsa Rosamond ta zauna ta saƙa su cikin gidan dara, sannan ya dawo ya rubuta manuniya. Waɗanda suka san shi sun ba da labarin cewa a kan gado yake wannan aiki, ya tanƙwashe ƙafa, taba a hannu, ya ƙura wa wuri guda ido har dabara ta faɗo masa.

Yadda Manuniya Mai Harshen Damo Take Aiki

Domin mai karatu ya gane irin abin da Mathers ya assasa, bari in kawo misalai na ƙashin kaina da Hausa, tun da dabarun Ingilishi ba sa tsallakowa da fassara. Lambar da ke ƙarshen kowace manuniya tana nuna yawan haruffan amsar.

Gari ya birkice, sai a sa a jiki, 4.

Wanda ya karanta wannan zai fara tunanin tarzoma ko gobara a wani gari. Wannan shi ne tarkon. Ainihin abin da jimlar ke cewa shi ne, ka ɗauki haruffan kalmar gari ka birkita su, za ka sami abin da ake sawa a jiki. Amsar ita ce riga.

Bala ya ɓoye abin rataya a wuya, 4.

A nan ma ido zai tafi ga wani Bala da abin da ya ɓoye. Amma idan ka haɗa kalmomi biyun farko ka duba cikinsu, za ka ga amsar kwance a tsakani: laya. Kalmar ɓoye ita ce ke gaya maka inda za ka duba, ragowar jimlar kuma ma'anar amsar ce.

Abin lura shi ne kowace jimla tana da fuska biyu. Akwai fuskar da ke ba da labari, akwai kuma fuskar da ke ba da umarni a kan haruffa. Mai wasa sai ya koyi rufe kunnensa daga labarin, ya dubi kalma a matsayin tarin haruffa da gaɓoɓi. Wannan kuwa shi ne horon mai fassara. Mutumin da ya shekara yana juya baiti ɗaya ta hanya biyar don ya sami wadda za ta zauna a wani harshe, ya riga ya saba raba kalma da ma'anarta, ya ɗaga ta ya dubi ƙarƙashinta. Shi ya sa nake ganin ba haɗari ba ne da aka sami uban wannan salo daga cikin masu fassara waƙa.

Sai dai Mathers bai tsaya kan waɗannan dabaru kaɗai ba. Yakan kawo ɗangon waƙar wani tsohon mawaƙi ya cire kalma ɗaya ya ce a cike. Yakan yi ishara da tarihin Rumawa ko wasannin Shakespeare ba tare da wani ƙarin haske ba. Wanda bai yi irin karatunsa ba, ko ba shi da ɗakin littattafai a kusa, ya sha wuya. Duk da haka mutane suka yi ta rububin wasan, suna aiko da amsoshi kowane mako don neman kyauta.

Asalin Laƙabinsa

Sunan da ya zaɓa wa kansa yana da nauyi a tarihi. Tomás de Torquemada malamin coci ne a ƙasar Sifen, wanda aka naɗa a 1483 ya shugabanci kotun binciken aƙida, ya rasu a 1498. Kotun ta shahara da gallaza wa waɗanda ake tuhuma da riƙe tsohon addininsu a ɓoye, kuma yana cikin waɗanda suka matsa aka kori Yahudawa daga Sifen a 1492. Mathers ya ɗauki sunan ne da sigar barkwanci, wato shi ma mai azabtar da masu karatunsa ne ran Lahadi. Ga waɗanda kakanninsu suka ɗanɗana hukuncin waccan kotu, sunan ba abin dariya ba ne, kuma ya kamata mu san haka ko da muna yaba gwanintar mai laƙabin.

Da wannan sunan ne kuma ya riƙa rubuta sharhin littattafan binciken kisan kai a Observer a shekarun 1930. Wannan aiki ya sa ya karanta ɗimbin irin waɗannan labarai, ya san yadda marubutansu ke binne shaida a gaban idon mai karatu. Za mu ga amfanin da ya yi da wannan sani.

Wasa Cikin Wasa

A yau, musamman a Amurka, akwai wani nau'i na giciyen kalmomi da zan kira wasa cikin wasa. A irinsa, cike gidan dara rabin aiki ne. Bayan ka gama, za a ce maka akwai wata amsa guda ɗaya da ba a ba ta manuniya ba, tana ɓoye cikin amsoshin da ka riga ka rubuta, kuma ita ake so ka aiko. Alal misali, a ce cikin gidan darar ka sami zomo da akuya da kura da ingarma, kan wasan kuma yana tambayar wane ne shugabansu. Sai ka lura cewa duk dabbobi ne, ka ɗauki harafin farko na kowace, ka sami zaki. Wannan mai sauƙi ke nan. Masu wuya sukan bi matakai uku ko huɗu, kowane mataki yana buɗe ƙofar na gaba. Gasar neman amsa ta ɗaliban jami'ar MIT, wadda aka fara a 1981, da gasar mako-mako da Matt Gaffney ya fara a intanet a 2008, da ta ranar Juma'a da jaridar Wall Street Journal ta fara a 2015, duk a kan wannan tsari aka gina su.

Mathers bai san wannan suna ba, amma tunanin yana cikin aikinsa tun farko. Da yawa daga wasanninsa suna da jigo guda da ya ɗaure amsoshin, wanda sai mai wasa ya gano shi kafin sauran su buɗe. Wani lokaci maimakon jerin manuniya sai ya rubuta ɗan labari ko waƙa mai guraben da aka sa wa lamba, kalmomin da suka ɓace su ne amsoshin. Wato ya riga ya gane cewa gidan dara yana iya ɗaukar saƙo fiye da jimillar kalmomin da ke cikinsa. Inda ya kai wannan tunani maƙura kuwa shi ne a wani aiki da ba shi da gidan dara ko ɗaya.

Muƙamuƙin Ƙabila

A 1934 kamfanin Victor Gollancz ya buga The Torquemada Puzzle Book, tarin wasanni iri-iri. A ƙarshen littafin akwai wani ɗan labarin kisan kai mai shafi 100 mai suna Cain's Jawbone, wato muƙamuƙin Ƙabila. Sunan ya samo asali ne daga wata tsohuwar ruwaya ta Turawa da ke cewa da muƙamuƙin jaki Ƙabila ya kashe ɗan'uwansa Habila, ke nan shi ne makamin kisan farko a duniya.

Abin da ya bambanta wannan labari shi ne an buga shafukansa a hargitse da gangan. Aikin mai karatu shi ne ya jera shafi 100 ɗin daidai, sannan ya faɗi sunayen mutum 6 da aka kashe da na mutum 6 da suka kashe su. Idan mutum ya ce zai gwada kowace jerantawa ɗaya bayan ɗaya, adadin hanyoyin da za a iya jera shafi 100 lamba ce mai alƙaluma 158, kuma ɗaya tak ce daidai. Saboda haka babu hanyar dace, sai ta hankali.

Kowane shafi da bakin mai magana na farko aka rubuta shi, amma masu maganar suna da yawa, kuma ba wanda ya gabatar da kansa. Sai mai karatu ya rarrabe su ta salon magana, da abin da kowa ke yawan ambato, da irin littattafan da yake tunawa. Ranaku ma ba a faɗe su kai tsaye ba. Mai magana zai yi ishara da cewa yau ce ranar haihuwa ko rasuwar wani shahararre, kai kuma ka nemo ranar, ka san wane shafi ya riga wane. Wani shafin yakan ƙare a tsakiyar jimla ko tsakiyar ɗangon waƙa, ragowar tana can a farkon wani shafi mai nisa. Akwai kuma sunan Henry da ke ta maimaituwa, alhali ba abu ɗaya yake nufi a ko'ina ba. A taƙaice, kowane shafi ƙaramin wasa ne, amsoshinsu kuma su ne kayan aikin warware babban wasan. Wannan shi ne wasa cikin wasa tun kafin a raɗa masa suna. Ɗalibin da ya yi darasin nazarin salo zai ga cewa tambayar da ake yi masa a jarrabawa, wato ya gane marubuci daga yadda yake gina jimla, ita ce Mathers ya mayar gasa.

An sa kyautar kuɗi ga wanda ya warware. Mutum biyu suka dace, S. Sydney-Turner da W. S. Kennedy, aka buga sunayensu a Observer a 1935, amma ba a buga amsar ba. Daga nan littafin ya shiga kwandon mantuwa. Sai bayan shekaru masu yawa Patrick Wildgust, mai kula da Shandy Hall, tsohon gidan marubuci Laurence Sterne a arewacin Ingila, ya sami kwafi, ya yi ta cigiya har ya gano amsar. A 2019 aka sake buga labarin tare da kamfanin Unbound, a matsayin katuna 100 cikin akwati, aka sa kyautar fam 1,000. Mutum 12 suka aiko da amsa, ɗaya kawai ya dace, wato John Finnemore, marubucin wasannin barkwanci na rediyo, wanda ya yi aikin a lokacin kullen korona na 2020. A 2021 wani bidiyo a TikTok, inda wata matashiya ta yayyage shafukan ta manna su a bangon ɗakinta, ya sa littafin ya ƙare a kasuwa, aka yi ta sake buga shi. Bayan haka an fassara shi zuwa Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Sifaniyanci. Ina roƙon ɗaliban fassara su tsaya su yi tunani a kan wannan aiki. Mai fassarar dole ya san amsar, dole ya tsallakar da kowace shaida zuwa sabon harshe, kuma kada ya haskaka ta fiye da yadda mai littafin ya yi, kada kuma ya binne ta.

Rasuwarsa da Magadansa

Mathers ya rasu a Landan a farkon watan Fabrairu, 1939, yana da shekara 46. A 1942 aka fitar da zaɓaɓɓun wasanninsa 112 cikin littafi guda.

Wanda ya gaji kujerarsa a Observer shi ne Derrick Macnutt, malamin Latin da Girkanci a makarantar Christ's Hospital. Shi ma daga baya ya ɗauki laƙabin wani shugaban waccan kotu ta Sifen, wato Ximenes, mutumin da tarihi ya riƙe da ƙona littattafan Larabci a Garnaɗa. Bayan rasuwar Macnutt a 1971, Jonathan Crowther ya karɓa a 1972 da laƙabin Azed, wanda idan ka karanta shi daga ƙarshe zai ba ka Deza, sunan wani shugaban kotun. Ka ga har laƙabin ya zama manuniya.

Magadan nan sun girmama Mathers, amma sun ga gyara a aikinsa. Wasu manuniyoyinsa ba su da ma'anar amsar a ciki sam, wasu kuma sai wanda ya haddace littafin da yake nufi zai gane su. Wani limamin coci kuma shugaban makaranta, A. F. Ritchie, wanda ya ciro laƙabinsa Afrit, wato ifiritu, daga haruffan farko na sunansa, ya kafa ƙa'ida a littafinsa na 1949. Ma'anarta ita ce, mai shirya wasa yana da damar ya karkatar da hankalinka da fuskar jimlarsa, amma wajibi ne kalmominsa, idan aka karanta su ta ɗaya fuskar, su faɗi ainihin abin da ake so ka yi. Macnutt ya faɗaɗa wannan a littafinsa Ximenes on the Art of the Crossword na 1966. Daga nan aka tsaya a kan cewa kyakkyawar manuniya tana da ma'anar amsa, tana da dabarar haruffa da ke kai wa ga amsar, kuma ba ta ɗauke da kalmar banza ko ɗaya. Misalai biyun da na kawo a baya a kan wannan ƙa'ida na gina su. Irin wannan wasa ne Stephen Sondheim, mai tsara waƙoƙin dandamali, ya gabatar wa Amurkawa a mujallar New York a 1968.

Kammalawa

Idan aka tambaye ni abin da rayuwar Mathers ta koyar, zan ce shi ne bambancin wahala da zalunci a rubutu. Inda ya ɓoye amsa a cikin kalmomin da ya ba mai karatu, aikinsa ya rayu, har matasan da aka haifa shekara 60 bayan rasuwarsa suna manna shafukansa a bango. Inda kuwa ya dogara ga abin da ke cikin kansa shi kaɗai, magadansa sun ajiye wannan hanya. Mai karatu yana yafe wa marubucin da ya wahalar da shi, matuƙar in ya kai ga amsa zai ga cewa tun farko tana gabansa.

Ga mu masu nazarin Hausa kuwa, akwai aiki a gabanmu. Harshen da rubutunsa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, har gari na zama da gari na tuwo suke fitowa da haruffa iri ɗaya, harshen da ya riga ya mallaki kacici-kacici da zaurance, yana da duk kayan da wannan wasa ke buƙata. Sai dai duk wanda zai gwada dole ya fara yanke wasu shawarwari na ƙa'idar rubutu. Shin sh da ts da ky gida ɗaya za su ci ko biyu? Shin k da ƙ za su iya haɗuwa a gida ɗaya inda kalmomi suka gitta, ko kuwa haruffa ne mabambanta kamar yadda muka sani? A ra'ayina kowane harafi mai ƙugiya ya tsaya da ƙafarsa, tagwayen baƙaƙe kuma a ba su gida bibbiyu, a kuma bayyana wannan a saman shafi don kada a zalunci mai wasa. Wanda yake ganin akasin haka, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ya zana gidan dararsa ya aiko mu gwada.